Sikiram Kafin Wasan Ingila da Afirka ta Kudu: Wa Ke Tsare Wuyan Ɗan Wasa?

Nura:
Salamu alaikum. Ranar Asabar ɗin nan, 16 ga Nuwamba 2024, Afirka ta Kudu za ta sauka filin Twickenham da ke Landan ta kara da Ingila a wasan zari-ruga, kuma duk wanda na ji yana maganar wasan, sikiram yake fara ambata. Ni sabon shiga ne a kallon zari-ruga, gasar cin kofin duniya ta 2023 ce ta jawo ni. Na ga yadda Ingila ta yi gaba da maki 15 da 6 a wasan kusa da na ƙarshe a Paris, sai Ox Nché da Vincent Koch suka taso daga benci suka riƙa tura sahun gaban Ingila baya, har Handré Pollard ya buga fanaretin da ya sa aka tashi 16 da 15. Na ji daɗin wasan, amma duk sa'ad da na ga mutum goma sha shida sun sunkuya sun cusa kai cikin juna suna tura juna, wato sikiram ke nan, sai gabana ya faɗi. Kowane ɓangare nauyinsa ya kai kilo 900 ko ya ɗara. In abin ya rushe, wuyan mutum ne a ƙasa. Don Allah masu sani su fahimtar da ni, wace doka ce ke kare waɗannan mutanen? Kuma me ya hana a daina turawar gaba ɗaya?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam, Nura. Tambayarka tana kan hanya. Na daɗe ina busa usur a wasannin matasa da na 'yan sha'awa, kuma babu abin da nake shiga fili da shi a raina kamar sikiram.

Fara da sanin wanda ke ina. Takwas ne a kowane gefe. Uku a sahun gaba: lamba 1 da lamba 3 su ne dirkoki, lamba 2 yana tsakaninsu, shi ne mai janyo ƙwallo da ƙafa. Lamba 4 da 5, dogayen nan, suna bayansu. Lamba 6 da 7 a gefe, lamba 8 a ƙarshe. Duk ƙarfin da biyar ɗin baya suka tura, ta gadon bayan ukun gaba yake bi ya fita a kafaɗunsu. Lamba 1 gefe ɗaya na kansa a sake yake. Lamba 3 kuwa kansa yana matse tsakanin kawuna biyu. Wanda na fi tausaya wa shi ne lamba 2, domin hannayensa biyu suna rataye a kan abokansa, in aka kifa ba shi da hannun da zai tokare ƙasa.

Dokar kanta ba ta da wuyar faɗi. Kai da kafaɗa kada su yi ƙasa da ƙugu. A tura a miƙe, ba sama ba, ba ƙasa ba, ba a karkace ba. Dirka ya riƙe rigar abokin karawarsa ta baya ko ta gefe, ban da hannu, ban da ƙirji, ban da wuyan riga. Wanda ya ja wani ƙasa da gangan, fanareti. Wanda ya cira wani sama har ƙafarsa ta bar ƙasa, fanareti. Da zarar ya rushe, alƙali ya busa nan take, ba jira. Kuma ba a haɗuwa sai da kiran alƙali guda uku: sunkuya, riƙe, haɗe.

Sadiq:
Malam ya faɗi dokar yau. Bari ni in faɗa maka ta jiya, Nura, don na buga lamba 3 a lokacinta. Da can ba a riƙe juna kafin a haɗu. Sahu biyu za su tsaya da tazara a tsakani, alƙali ya yi kira, sai a ruga a gwabza kamar raguna. Wanda ya riga wani isa shi ya ci sikiram ɗin, sauran turawar cikon aiki ce. Kocinmu ba ya koya mana komai sai yadda za mu riga su tashi. A 2007 aka kawo kira huɗu, sunkuya, taɓa, dakata, gwabza, don a rage tazarar. Ya ɗan taimaka, amma wannan dakatawar ita ce ta fi cin rai, kana a sunkuye, mutum biyar na danna ka ta baya, kana jiran kalma ɗaya. Wani alƙalin ya ja ta, wani ya gajarta. In ka tashi da wuri laifi, in ka makara ka sha karo. Har yau in na juya wuyana hagu ina jin abin da shekarun nan suka bari.

Asma'u:
Yaya Sadiq, Allah ya ƙara sauƙi. Aikina fisiyo ne, wato gashin ƙashi da farfaɗo da gaɓoɓi, kuma irin wuyan da kake faɗa na gan shi da yawa a tsofaffin 'yan sahun gaba.

Canjin da ya fi muhimmanci shi ne na 2013, kuma ba da ka aka yi shi ba. Hukumar wasan ta duniya ta ɗauki nauyin bincike a Jami'ar Bath da ke Ingila. Sun auna ƙarfin karon a kan na'urar atisaye, suka samu na manyan 'yan wasan ƙasa yana kaiwa wajen kilonewton 16, wato kwatankwacin nauyin sama da tan ɗaya da rabi, cikin ƙiftawar ido. Da aka gwada a fara riƙe juna kafin a haɗe, ƙarfin karon ya ragu da kusan kashi 25 cikin ɗari. Daga nan kira ukun da Malam ya ambata suka samo asali.

Abin da ke karya wuya a sikiram yawanci abu biyu ne. Ko dai kai ya lanƙwashe gaba, haɓa ta nufi ƙirji, nauyi ya hau ta baya, musamman in akwai murɗawa a ciki. Ko kuma nauyi ya bi ta tsakar ka ya danne ƙasusuwan wuya a jere. In ƙashi ya goce ya taɓa laka, to magana ta ƙare a daƙiƙa ɗaya. Matt Hampson dirka ne na tawagar Ingila ta 'yan ƙasa da shekara 21. A watan Maris na 2005, a wajen atisaye a Northampton, ba ma a wasa ba, sikiram ya rushe da shi. Alƙalin da ke kula da atisayen, Tony Spreadbury, tsohon ma'aikacin motar asibiti ne, shi ya taimaka masa da numfashi a filin. Hampson ya rayu, amma daga wuya zuwa ƙasa ba ya motsi, da na'ura yake numfashi, kuma ya kafa gidauniya mai tallafa wa matasan da suka samu irin rauninsa.

Nura:
Innalillahi. Anti Asma'u, to in har a atisaye ma hakan na faruwa, ai tambayata ta biyu tana nan. Me ya sa ba za a haɗu kawai a saka ƙwallo ba tare da turawa ba?

Bello:
Ƙanena, ni ina bayanka, ko da yake dalilina daban ne. Shekara ashirin ina kallon wasan nan. Sikiram a rubuce hanya ce ta ci gaba da wasa bayan ƙaramin kuskure, kamar ƙwallo ta suɓuce ta yi gaba. Yanzu ya zama injin haƙo fanareti. Ƙungiya mai ƙarfi ba ta son ƙwallon ta fito, so take ta riƙe ta a ƙafar lamba 8 ta yi ta turawa har wani ya durƙushe. To ku duba: dokar ta ce rushewa haɗari ce, amma ladan da ake ba mai ƙarfi yana zuwa ne daidai lokacin da mai rauni ya rushe. Ka ga an sa kuɗi a kan abin da aka ce ana gudu.

Ku tuna Faransa da Wales a Paris, Maris 2017. Wayne Barnes ne alƙali. Lokaci ya cika a minti 80, aka tsaya a mita biyar daga layin Wales ana ta maimaita sikiram har minti na 100. An ba dirkan Wales Samson Lee katin gargaɗi, ya yi minti gomansa a waje ya dawo, ba a tashi ba. An fitar da dirkan Faransa Uini Atonio da sunan duba kansa, Rabah Slimani ya dawo fili, Wales suka yi ƙorafi a kan haka. A ƙarshe Faransa ta ci 20 da 18. Minti ashirin mutanen da suka gaji liƙis suna haɗa wuya. Wace kariya ce a nan?

Sadiq:
Mutumina, wasan 2017 ban da bakin kare shi. Amma maganar cewa mai rauni ne kullum ke rushewa don an fi ƙarfinsa, ba haka abin yake a ciki ba. Sau da yawa mai raunin ne ke zaɓar faɗuwa. Ya ga ana tura shi baya, ya san in ya tafi mita uku za a hukunta shi, sai ya saki kafaɗa ya kifa, yana fatan alƙali zai ɗora wa ɗayan. Wannan shi ne mai jefa wuyan mutum shida cikin haɗari. In ka cire fanareti daga kansa, ka ba shi lasisin yin hakan duk yini.

Kuma Nura, in aka daina turawa, koci ba zai sake ɗaukar gajere mai kauri ba. Zai cika fili da mutum goma sha biyar masu gudu, masu jiki iri ɗaya. Sikiram ne ke gajiyar da manyan mutane ya buɗe fili ga ƙanana. Ba shi, karon da ake yi a sarari zai ƙaru, kuma a yau can ne aka fi samun buguwar kai.

Asma'u:
Wannan gaɓar ta ƙarshe gaskiya ce. A wasan ƙwararru yanzu, wajen kayar da mai ƙwallo ne ke kawo mafi yawan raunuka, har da girgizar ƙwaƙwalwa. Raunin sikiram bai kai shi yawa ba, sai dai in ya zo yakan zo da muni. Ko a wannan rangadin Afirka ta Kudu ba ta tare da Steven Kitshoff, wanda ya ci kofin duniya sau biyu, saboda raunin wuya da ya samu a watan Satumba a wasan Currie Cup, gasar cikin gida ta ƙasarsu. Mutum ne da ya shafe shekaru yana wannan aiki a matakin ƙoli. Ƙwarewa na rage haɗarin sosai, amma ba ta share shi.

Baba Tanko:
'Ya'yana, ku bar ni in sa baki kaɗan. A zamanin da na fara kallo, ba alƙali ke haɗa sikiram ba, 'yan wasa ne ke zuwa su lanƙwasa su haɗu da kansu, lamba 9 ya jefa ƙwallo a tsakiya, lamba 2 biyu su yi takarar janyo ta. Da yake kowannensu yana son ya ɗaga ƙafa, dole a tsaya da ɗan tsayi, dole a daidaita. Da aka ƙyale lamba 9 yana jefa ƙwallo kai tsaye ƙarƙashin ƙafafun mutanensa, sai lamba 2 ya zama dirka na uku, kowa ya koma turawa zalla. A ganina nan aka fara ɓata abin.

Malam Habu:
Ranka ya daɗe Baba, ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. A 2017 an gyara wannan sashen: an yarda lamba 9 ya ɗan matsa gefen mutanensa, kafaɗarsa a kan layin tsakiya, amma ya jefa a miƙe, kuma wajibi ne wani a sahun gaban masu ƙwallon ya kai mata ƙafa. A rubuce yana nan. A fili kuwa, mu alƙalai idonmu na kan kafaɗu da gwiwar hannu, karkatacciyar jifa takan wuce mu. Na yarda da kai cewa sakacinmu ne.

Akwai kuma abin da ya biyo bayan dokar 2013 wanda Asma'u ta ambata a fakaice. Da aka hana rugowa, sai ƙungiyoyi suka gano wata dabara: tsakanin kiran riƙe da kiran haɗe, sai su jingina gaba, lamba 2 ya kafa tsakar kansa a kafaɗar abokin karawarsa, nauyin mutum takwas ya bi ta wuyansa tun kafin a fara. 'Yan lamba 2 da kansu suka koka. An haramta wannan a 2019, gab da gasar kofin duniya ta Japan. Da aka ga bai daina ba, a Gasar Ƙasashe Shida ta 2022 aka gwada abin da ake kira ƙafar birki, daga Yulin shekarar kuma aka faɗaɗa shi ko'ina. Lamba 2 zai sa ƙafa ɗaya gaba, a tsakiyar ramin da ke tsakanin sahu biyun, ta riƙe nauyin mutanensa, ba zai janye ta ba sai an ce haɗe. In ya janye da wuri, firikik.

Bello:
To Malam, ga inda nake so mu zo. Firikik ɗin nan, tun 1 ga Yulin 2024 ba a yarda a zaɓi sikiram a madadinsa ba. Ni na yi murna da wannan doka. Ƙarancin sikiram, ƙarancin haɗari, kuma ƙwallo ta fi yawo.

Sadiq:
Ni kuma ita ce dokar da ta fi ɓata mini rai. Kowa ya san abin da ya faru kafin a kawo ta. Wasan kwata fainal na 2023, Faransa da Afirka ta Kudu, Damian Willemse na Afirka ta Kudu ya cafe ƙwallo a cikin yankinsu na mita 22, ya nemi alama, wato firikik ɗin da ake ba wanda ya cafe a wurin, maimakon ya buga sai ya ajiye ta ya ce sikiram yake so. Suka tura Faransa suka samu fanareti, aka tashi 29 da 28. Bayan wata tara sai ga doka. Hukumar ma ba ta ce don lafiya ta yi ba, don saurin wasa da jan 'yan kallo ta ce.

Ka duba abin da ta buɗe. A ce sahun gabana ya fi naka rauni. Mun zo sikiram a wuri mai haɗari gare ni. Sai in tura kafin lokaci, ko lamba 2 nawa ya janye ƙafar birki. Hukuncina firikik ne. Kai kuma an hana ka ka ce a sake haɗuwa. Na kuɓuta ke nan, ta hanyar karya dokar da aka kafa don kare wuya. Wannan ba ƙarfafa wa mutane gwiwar yin abin da ake tsoro ba ne?

Bello:
Sau ɗaya za ka yi. In ka maimaita, alƙali ya mai da shi fanareti, in ka ƙara ya ba ka kati.

Sadiq:
Sau ɗaya ya isa in minti na 78 ne.

Malam Habu:
Ku duka biyun kuna da gaskiya a wani gefe. Doka ta ba alƙali damar ɗaga hukunci zuwa fanareti tun a karon farko in ya ga da gangan aka yi. Matsalar ita ce gane gangancin. Alƙali yana tsaye a gefe ɗaya, abin da ke faruwa a ɗaya gefen sai mataimakinsa na bakin layi ya faɗa masa ta na'urar kunne. Shi ya sa kafin wasa irin na Asabar, masu horarwa kan aika wa alƙali hotunan bidiyo na sahun gaban abokan hamayya, shi kuma yakan shiga ɗakin sauya kaya ya yi magana da 'yan sahun gaba kafin a fito. Rabin hukuncin da za ku gani an shimfiɗa shi tun a wannan ganawar.

Ummi:
Sannunku. Ina karantawa tun ɗazu. Malam, akwai abin da ban gane ba tun 2022. Italiya da Ireland a Dublin, an kori mutum ɗaya na Italiya amma suka koma su goma sha uku. Na ga kamar zalunci ne.

Malam Habu:
Ummi, mutane da yawa sun ga haka a ranar. Ga yadda aka yi. A wasan ƙasa da ƙasa, cikin mutum 23 dole a samu shida da suka ƙware a sahun gaba, ta yadda kowane gurbi cikin ukun yana da madadi. Lamba 2 na Italiya, Gianmarco Lucchesi, ya ji rauni tun farkon wasa ya fita. Wanda ya canje shi, Hame Faiva, ya samu jan kati kafin minti 20. Ba sauran wanda aka horar a wannan gurbi. Doka ta hana a tura wanda bai iya ba, don haka alƙali, Nika Amashukeli ɗan Jojiya, ya ce sikiram ya koma na ba turawa. Ƙungiyar da ta jawo hakan ta wannan hanya kuma sai ta rasa ƙarin mutum ɗaya. Aka tashi 57 da 6.

Me ya sa ake cire ƙarin mutumin? Saboda a baya an sha zargin ƙungiyoyin da ake turawa da ƙirƙirar rauni don a daina turawar. Me ya sa kuma ba za a ce wani ƙaƙƙarfa ya shiga ya cike gurbin ba? A nan ne nake so kowa ya tsaya. A Janairun 1998, a wani wasan 'yan sha'awa a Wales, dirkan ƙungiyar Llanharan ya ji rauni, ba su da madadi. Wani ɗan sahun baya ya ce zai gwada. Alƙali ya bari aka ci gaba da turawa. A sikiram na ƙarshe na wasan, lamba 2 ɗinsu, Richard Vowles, ya karye a wuya, ya koma keken guragu. A 2002 kotu ta ɗora alhakin a kan alƙalin da hukumar wasan ta Wales, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2003. Kafin shi akwai Ben Smoldon a Ingila, yaro ɗan shekara 17, wanda ya karye a 1991 a wasan da sikiram ya yi ta rushewa alƙali bai shawo kan abin ba, shi ma kotu ta ba shi gaskiya a 1996. Duk wanda ya ɗauki usur ana karanta masa waɗannan shari'o'i biyu. Italiya ta sha kashi a ranar, amma kowa ya koma gida da ƙafafunsa.

Ummi:
Na gode Malam. Yanzu na ga dalilin, ko da yake har yanzu ina ganin hukunta ƙungiya sau biyu a kan kati ɗaya ya yi yawa.

Nura:
Wata tambayar. Ranar Lahadi da Afirka ta Kudu ta doke Scotland 32 da 15, 'yan gaba bakwai ta ajiye a benci, ɗan baya ɗaya tak. Na ji wasu na cewa wannan ma haɗari ne, sababbin ƙarti a kan waɗanda suka gaji.

Asma'u:
Ana faɗar haka tun da kocinsu Rassie Erasmus ya fara shida da biyu a 2019, aka ƙara ɗaga murya da suka yi bakwai da ɗaya a 2023. Amma ka lura, a sahun gaba babu bambanci: kowace ƙungiya uku take ajiyewa, kuma kusan kowa na canza su tsakanin minti 45 da 60. Bambancin yana cikin biyar na baya, masu turawa. Damuwata ta fi yawa in sahun gaba ya yi canjin dole da wuri. A wasan ƙarshe na kofin duniya na 2019 a Yokohama, Ingila da Afirka ta Kudu, dirkan Ingila Kyle Sinckler ya bugu a ka a minti na uku, Dan Cole ya shigo ya yi kusan wasan duka a gaban Tendai Mtawarira, sannan Kitshoff ya shigo da sabon ƙarfi. Afirka ta Kudu ta ci 32 da 12. Gajiya na sa ƙugu ya tashi, kai ya sauka, ƙafa ta yi nisa da jiki. Nan ake kifewa.

Shi ya sa nake ɗar-ɗar da agogon daƙiƙa 30 na haɗa sikiram da ake tsaurarawa a wasannin Nuwamban nan. Na yarda ana ɓata lokaci da gangan. Amma mutumin da ya gama gudu, numfashinsa bai dawo ba, a ce ya yi sauri ya sa wuyansa a ƙarƙashin tan guda, ina so alƙali ya san lokacin da zai kau da kai daga agogo.

Bello:
Likita, a nan kam na sauko. Gara a ɓata daƙiƙa goma a haɗu sau ɗaya da a yi sauri a maimaita sau uku.

Sadiq:
Akwai abin da ba ya cikin littafin doka, kuma shi na fi dogara da shi lokacin da nake ciki. Kofin duniya na 2003, wasan kusa da na ƙarshe a Sydney, Ostireliya da New Zealand. Ben Darwin, lamba 3 na Ostireliya, ya ji wani abu ya ƙara a wuyansa a tsakiyar sikiram, ya yi ihu yana ambaton wuya. Kees Meeuws, wanda ke gabansa, ya daina turawa nan take. Ka tuna wane wasa ne, kuma New Zealand na baya a maki. Darwin bai sake buga wasa ba, yana ɗan shekara 27, amma yana tafiya da ƙafafunsa, kuma ya sha faɗa cewa Meeuws ne sanadi.

A Ostireliya har tsari suke koyarwa. Wanda ya ji wuyansa na cikin matsi ya yi kiran Mayday, kowa ya maimaita ya daina turawa, 'yan sahun gaba su saki abokan karawa, su sauka a gwiwa, su kifa fuska a ƙasa ba tare da juya kai gefe ba, a tsaya cik har alƙali ya tambayi wanda ya yi kiran, sannan a warware daga baya zuwa gaba. Ni a shekarun da na buga ba wanda ya taɓa koya mana irin wannan, kuma ya kamata a ce an koya.

Asma'u:
Koyarwar nan tana da hujja a bayanta. New Zealand ta fara shirin RugbySmart a 2001, ta wajabta wa masu horarwa da alƙalai. Binciken da aka buga a 2007 ya nuna daga 2001 zuwa 2005 raunin laka ɗaya tak aka samu daga sikiram, alhali bisa yadda abin ke tafiya a baya ana hasashen kusan tara. Afirka ta Kudu ta bi sahu da BokSmart a 2009. Ga 'yan ƙasa da shekara 19 kuma dokar ta bambanta: ba a tura fiye da mita ɗaya da rabi, ba a juya sikiram da gangan, in ya juya da kansa ya wuce digiri 45 a tsaya a sake. Manya kuwa sai ya wuce 90. Mutanen da za mu kalla ranar Asabar suna da likitoci a bakin fili da wuyan da aka gina shekara da shekaru. Yaron da zai kwaikwaye su washegari ba shi da ko ɗaya.

Nura:
Na ƙaru ƙwarai, Allah ya saka. To ranar Asabar in an zo sikiram na farko, ina zan sa ido? Da ƙwallon kawai nake bi.

Malam Habu:
Manta da ƙwallon tukuna. Kafin a ce haɗe, dubi ƙafar lamba 2, tana gaba ko ya janye. Dubi kawuna, kunne kusa da kunne ya kamata su kasance, ba tsakar ka a kafaɗa ba. Bayan an haɗe, dubi gwiwar hannun dirkan da ke gefen kyamara: in tana sama, yana riƙe da nauyinsa, in ta nufi ƙasa, ja yake yi. Sannan ƙugun lamba 1, in ya fita waje, to ya karkata yana sukar lamba 2 ko lamba 3 ta gefe. Fanaretin da ya raba Ingila da Afirka ta Kudu a Paris a 2023 a kan dirkan Ingila Ellis Genge aka busa shi, a gaban Koch, kuma har yau magoya bayan Ingila na cewa Koch ne ya shigo a karkace. Ɗayan dirkan nasu, Joe Marler, ya yi ritaya daga buga wa ƙasa a farkon watan nan, don haka nauyin gefen hagu ya ƙara hawa kan Genge.

Bello:
Ni abin da zan ƙirga shi ne sau nawa ƙwallo za ta fito daga sikiram a ci gaba da wasa, sau nawa kuma zai ƙare da usur. In usur ya fi yawa, Sadiq, za mu dawo kan maganar fanareti.

Sadiq:
Na yarda. Amma ka ƙirga har da wanda gwiwarsa ta fara taɓa ƙasa a kowanne, ka rubuta lambarsa. Malam, in ka samu dama ka duba mana ta kyamarar sama, don ta gefe ba ta nuna ƙugun lamba 1.